Farin kaki ko kore: kafin ka cike fom, tambayi inda za ka kwana

Duk shekara da an buɗe shafin ɗaukar kuratan soja, zauren gidanmu a wani ƙauye kusa da Auyo sai ya koma ofis. Ni ne malamin makarantar da ke da 'yar kwamfuta, don haka samari ke zuwa da takardunsu na sakandare a cikin leda in taya su cike fom. Bana, ana tsaka da yankan shinkafa, yara biyu suka yi sallama, ɗan maƙwabcina da abokinsa. Bayan gaisuwa babban ya ce, "Malam, shawara muka zo nema. Na ruwa za mu cike ko na ƙasa?" Na tambaye su abin da ya ja hankalinsu ga sojan ruwa. Ɗaya ya ce farin kakin nan. Ɗayan ya ce an gaya masa can ba a mutuwa kamar a daji, kuma shi tun yana yaro yake ninƙaya a kogin Haɗeja.

Na ce su ba ni kwana biyu. Ina da ƙane da ya yi shekaru a sojan ruwa kafin ya ajiye aiki, shi na kira da daddare. Bai bari na gama bayani ba ya ce, "Yaya, kada su tsaya tambayar albashi. Su tambayi inda za su kwana." Wannan maganar ce ta sa na zauna na rubuta abin da na gaya wa yaran, domin na san ba su kaɗai ke cikin wannan wasi-wasi ba.

Abubuwan da samari suka fi damuwa da su kusan duk ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Tsarin albashin sojojin Najeriya guda ne, mai muƙami ɗaya a ruwa da a ƙasa tushen albashinsu bai bambanta ba, sai dai alawus da ke bin irin aikin da aka tura mutum. Hukumar fansho ɗaya ce. Mai takardar sakandare ana neman ya kasance tsakanin shekara 18 zuwa 22. Horon farko kusan wata shida ne: na ƙasa a Daffo da ke Zariya, wadda ke horar da kurata tun 1924, na ruwa kuma a Onne cikin jihar Ribas, kusa da Fatakwal. Fom ɗin kyauta ne, duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sama maka gurbi ka rabu da shi. To in kuɗin ɗaya ne, me ya rage? Rayuwar da za ka yi tsakanin wannan albashi da na gaba.

Mu fara da makwanci, tunda nan ƙanena ya fara. Ɗan ƙauye ya tashi cikin fili. Ɗakinsa ko na laka ne, da zafi ya matsa sai ya ja tabarma tsakar gida ya kwanta yana kallon taurari. A cikin jirgin yaƙi ba a san wannan ba. An ƙera jirgin ne don injin da makamai da tankunan mai, abin da ya yi saura shi ne na mutane. Ƙananan sojoji suna kwana a ɗaki guda, gadaje a jere wani bisa wani, hawa biyu ko uku, ba ka iya miƙewa zaune a kan naka ba tare da kanka ya bugi na sama ba. Kayanka duka cikin 'yar loka guda suke. Ɗakin yawanci a cikin cikin jirgi yake, ba taga, iskar da kake shaƙa na'ura ce ke turo ta. Ranar da na'urar ta samu matsala, ƙarfen da ya sha rana tun safe sai ya zama kamar tanda. Ga ƙugin injin da ba ya tsayawa dare da rana, ga warin man dizal da ke bin tufa har ya bi abinci. Kuma ba inda za ka je. A gida in ka yi saɓani da wani sai ka tafi gona ko majalisa har zuciya ta huce. A jirgi, wanda kuka yi cacar baki da shi da safe shi ne zai kwanta saman kanka da daddare.

Sai barci. Jirgi ba ya kwana, saboda haka ana raba ma'aikata rukuni-rukuni su riƙa karɓar gadi. Tsarin da aka gada shi ne awa huɗu a bakin aiki, awa takwas a sauka, amma cikin takwas ɗin nan ne ake shara da kankare tsatsa da fenti da atisayen kashe gobara da cin abinci da salla. Wanda gadin sha biyun dare zuwa huɗun asuba ya faɗo kansa, barcinsa guntu-guntu ne. In ma'aikata sun yi ƙaranci sai a koma shida a kai, shida a sauka.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar ƙasar da ba ta da kuɗi ce. Babu rundunar ruwan da ta kai ta Amurka dukiya, amma a 2017 jiragenta biyu suka yi karo da jiragen 'yan kasuwa cikin wata biyu da 'yan kwanaki: USS Fitzgerald kusa da Japan a watan Yuni, sojoji 7 suka mutu, sai USS John S. McCain kusa da Singafo a watan Agusta, 10 suka mutu. Gajiya da ƙarancin barci na cikin dalilan da bincike ya ambata. A 2021 ofishin da ke binciken ayyukan gwamnati a madadin majalisar dokokinsu ya gano cewa kashi 14 cikin ɗari ne kawai na hafsoshin jiragen ke samun barcin awa bakwai, kashi 67 kuwa awa biyar ko ƙasa da haka suke samu. Hafsoshi ke nan, masu ɗaki mai ɗan sarari. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin USS George Washington, katafaren jirgin da ke ɗaukar jiragen sama. Yana tsaye a wurin gyara a jihar Bajiniya, ko teku bai shiga ba, amma an bar ƙananan sojoji suna kwana a cikinsa ana ta walda da buge-buge, wani lokaci ba wuta ba ruwan zafi. A watan Afrilun 2022 uku daga cikin ma'aikatansa suka kashe kansu cikin mako guda. Sai bayan nan aka kwashe sama da 200 aka sama musu masauki a waje. Ba harsashi ba ne ya ci yaran nan. A 2023 rundunar ta kasa cike adadin sabbin da take nema da kusan mutum 7,000, kuma yanzu har intanet ta tauraron ɗan'adam take sa wa wasu jiragenta don matasa su yarda su zauna. Su da kansu sun gane cewa gado da barci da waya su ne ke riƙe soja ko su kore shi.

Na koma kan mai ninƙaya a kogin Haɗeja. Iya ruwa abu ne mai kyau, zai taimake shi a Onne. Amma kogi daban, teku daban. Jirin teku ba ruwansa da jarumta: ido yana ganin bango a tsaye, cikin kunne kuma yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ana lilo, daga wannan saɓani ake samun hajijiya da amai. Yawancin mutane jikinsu kan saba bayan kwana biyu ko uku, wasu kuwa duk fita sai sun sha wuya, musamman da damina lokacin da iskar kudu maso yamma ke tayar da igiyar ruwa a mashigin Gini. Ƙanena ya ce fitarsa ta farko da bokiti a gefensa ya yi gadi, domin jiri ba ya ɗauke wa mutum aiki. Babu hanyar da za ka san irin naka jikin tun daga Jigawa. Wanda mota ma ke sa shi amai tsakanin Haɗeja da Kano, ya yi tunani sau biyu.

Abin mamaki ga mutumin karkara shi ne ƙishin ruwa a tsakiyar ruwa. Ruwan sha da wanka daga tanki yake, ko daga na'urar da ke tace gishirin teku, kuma in tafiya ta yi tsawo ana auna shi. Alwala dai ba ta gagara, tunda hadisi ya tabbatar da cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne. Salla ma ana yi, sai dai da ɗawainiya: alƙibla tana canzawa duk lokacin da jirgi ya karkata, kuma malamanmu na Malikiyya sun ce mai salla a jirgin ruwa ya fuskanci alƙibla, ya juya tare da ita in zai iya. Gadi kan raba ka da jam'i, Juma'a kuwa sai an dawo tasha. Azumi a ɗakin injin, inda zufa ke zuba kamar an watsa ruwa, ba ƙaramin jihadi ba ne. Abinci ana samu sau uku, wannan gaskiya ce, kuma ya fi abin da sojan da ke bakin daga yake samu tsari. Amma kayan miya ɗanye kan ƙare cikin kwanakin farko, a koma shinkafa da wake da gari da na gwangwani. Tuwon dawa da miyar kuka da fura sai an zo hutu.

Duk waɗannan ana jurewa. Wanda ƙanena ya ce ya fi karya zuciya shi ne nisa. Da jirgi ya yi nesa da gaɓa sabis ɗin waya ya ɗauke, shi ke nan sai an dawo. Sintirin jiragenmu kwanaki ne ko makonni, bai kai irin na jirgin Amurka USS Eisenhower da ya yi kwana 206 a teku a 2020 ba tare da ya tsaya a wata tasha ba. Amma ko ka sauka, ina ka sauka? Manyan rundunonin sojan ruwa uku ne: ta yamma a Apapa cikin Legas, ta tsakiya a Yenagoa, ta gabas a Kalaba. Gaɓar tekunmu kilomita 853 ce, kuma duk inda ka tsaya a kanta tsakaninka da Kano tafiyar kusan kilomita dubu ce ko fiye. Mu kuwa mutane ne da in an yi rasuwa da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Lokacin da Allah ya yi wa Baffanmu rasuwa, ƙanena yana teku. Sai da suka dawo tasha ya kunna waya ya tarar da saƙonni. Ya iso gida ana sadakar bakwai. Bai ajiye aiki a shekarar ba, amma ya ce tun ranar zuciyarsa ta fara haɗa kaya.

Yanzu ga sojan ƙasa, kuma ba zan yi masa ado ba. Ƙafarsa tana kan ƙasa, yana shan iska, in yana bariki zai iya fita kasuwa, ya je masallacin Juma'a, ya ajiye iyali kusa da shi. Barikokin da ke kusa da mu suna da yawa: Bukavu da Janguza a Kano, birged a Dutse da Katsina, babbar runduna ta ɗaya a Kaduna, ta takwas a Sakkwato. Ko a ina aka kai shi a Arewa zai ji Hausa, ya ci tuwo. Sai dai ba shi ke zaɓar inda za a tura shi ba, kuma a wannan zamani sabon soja ya sa a ransa cewa daji zai fara gani. Yaƙin Arewa maso Gabas ya haura shekara goma sha biyar, ga na 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato. A can makwancin rami ne ko tanti, ruwan sha sai tanka ta zo, ga nakiyar da ake binnewa a hanya, ga kwanton ɓauna. Akwai waɗanda suka daɗe a bakin daga ba a canza su ba. A 2020 jaridu sun ruwaito cewa sojojin ƙasa 356 sun nemi a sallame su lokaci guda, dalilin da suka rubuta shi ne aikin ya fita daga ransu. Wato shi ma yana da abin da ke korar mutane, kuma nasa ya haɗa da jini. A wajen haɗarin rai, gaskiyar yaron nan ce: na ƙasa ya fi fuskantar wuta.

Amma "ba a mutuwa a ruwa" kuskure ne. Sojan ruwa na da sansani a Baga, bakin tafkin Chadi, kuma mayaƙa sun kai masa hari a watan Disambar 2018. A surƙuƙin ruwan Neja Delta kuma ƙananan jiragen sintiri ne ke bin ɓarayin ɗanyen mai. Waɗannan jiragen ba su da gado ko kicin, rana da ruwan sama da sauro duk a kanka suke ƙarewa, mai harbi kuma yana ɓoye cikin itatuwa inda ba ka ganinsa.

Wannan ya kawo ni ga abin da samari ba su cika sani ba: "jirgi" ba abu ɗaya ba ne. Dubi jiragen sojan ruwanmu: NNS Aradu, wanda aka ƙera a Jamus ya fara aiki a 1982, tsawonsa mita 125 ne. NNS Thunder Amurka ce ta miƙa wa Najeriya a 2011, amma tun 1968 yake aiki a can. NNS Centenary da NNS Unity sababbi aka sayo su daga Sin a 2015 da 2016, NNS Lana daga Faransa a 2021, NNS Kada kuma ya iso a 2022. Akwai ƙanana irin su Andoni da Karaduwa da Oji da aka ƙera a Legas. Jirgin da ya ba shekara hamsin baya da wanda aka ƙera jiya ba za su zama ɗaya ba wajen sanyaya ɗaki da famfo da banɗaki, kuma ƙaramin jirgi ya fi babba lilo. Mutum biyu za su shiga aiki rana ɗaya, ɗaya ya ce aljannar duniya, ɗaya ya ce kurkuku, kuma kowa gaskiyarsa ya faɗa. Haka nan ba duk sojan ruwa ke zama a teku ba. Ana juya mutane tsakanin jirgi da sansanin tudu, kuma tun zamanin da Awwal Zubairu Gambo, ɗan Kano, ya shugabanci rundunar daga 2021 zuwa 2023, aka kafa kwalejinta ta harkar kayan aiki a Dawakin Tofa. Sai dai kada kowa ya shiga da lissafin cewa nan za a ajiye shi. Kwaleji ce, guraben kaɗan ne.

Da alherin ruwa fa? Yana da shi, kuma ba kaɗan ba. Na farko sana'a. Jirgi gari ne mai tafiya, yana buƙatar makanikin dizal, mai gyaran wuta, mai walda, mai gyaran na'urar sanyi, mai sadarwa, mai jinya, mai dafa abinci. Wanda ya yi shekaru a ɗakin injin ya fito da abin yi a hannunsa. Ƙanena yau janareto da injinan ban ruwa yake gyarawa, kuma ba ya rasa aiki. Mai son ci gaba da teku zai iya neman takardun aikin jiragen 'yan kasuwa ta hannun NIMASA, hukumar da ke kula da harkar jiragen ruwa a Najeriya, akwai kuma makarantar horar da ma'aikatan jirgi a Oron cikin Akwa Ibom. A jiragen 'yan kasuwa akwai yarjejeniyar duniya ta 2006 da ta wajabta hutun aƙalla awa 10 a kowace awa 24, dokar da ba ta hau kan jiragen yaƙi ba. Na biyu, buɗewar ido: Thunder ya je har Ostareliya a 2013, Kada ya kai sojoji Gini Bisau a 2022. Na uku, wanda ƙanena ke faɗa da ƙwalla a ido, zumunci. Mutanen da kuka sha ruwa a kofi ɗaya, kuka riƙe wa juna bokiti, Bayarabe da Ibo da ɗan Ijo, sun zama 'yan'uwa har abada.

In aka ce in yanke, ga yadda nake gani. Yaron da ke da haƙurin zama wuri ɗaya, ba ya da saurin fushi, hannunsa na son ƙarfe da waya, kuma akwai wasu 'yan'uwa a gida da za su tsaya wa iyaye, ruwa ya fi masa, kuma ya yi ƙoƙari ya samu ɓangaren injin ko wuta. Wanda kuwa ƙunci ke sa shi haƙi, ko shi ne ɗan fari da komai na gida ke wuyansa, ko yana shirin aure da yarinyar da ba za ta iya zaman Legas ko Fatakwal ba, zaman jirgi zai cinye shi a hankali ko da bai taɓa jin ƙarar harsashi ba. Irin wannan in ya nace sai soja, na ƙasa ya fi dacewa da halinsa, amma ya shiga da sanin cewa ransa ya ɗora a faranti. Maganar aure kada a raina ta. Haya a garuruwan bakin teku tana da tsada, ɗakin bariki ba kowa ke samu da wuri ba, kuma da yawa sukan bar matan a gida su riƙa zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara. Soja da yawa ba shi ke gajiya da aikin ba, gidansa ne ke gajiya.

Kafin ka danna komai a fom, nemi wanda ke cikin aikin yanzu, ba wanda ya ji labari ba. Tambaye shi mutum nawa ne a ɗakinsu, awa nawa yake barci in suna teku, yaushe rabonsa da gida, kuma in wa'adin da ya sa wa hannu ya cika zai sabunta ko zai tafi. Amsar tambayar ƙarshen nan ta fi duk abin da na rubuta nauyi.

Yaran sun dawo ranar da muka yi. Ɗan maƙwabcina, wanda shi ne babba a gidansu kuma mahaifinsa ba lafiya, ya ce zai dakata bana tukuna. Abokinsa, mai ninƙayar nan, ashe shi ke gyara wa mutanen fadama injinan ban ruwa, ya ce yana nan kan bakansa na ruwa. Na ce ba zan cike ba sai na ji daga bakin mahaifiyarsa. Da magariba ta aiko aka kira ni, na tsaya daga bakin ƙofa muka gaisa. Ba ta tambayi albashi ba, ba ta tambayi kaki ba. Cewa ta yi, "Malam, in ta Allah ta kasance a kaina yana can, zai samu jana'izata?"

Na ce, "Inna, ba lallai ba ne."

Ta yi shiru har na ɗauka ta shige ɗaki. Can ta ce, "To, addu'arsa dai za ta iso. A cike masa."